Sitlali da Mai Kukan Dare: Inda Aikin Ya Kwana

10 ga Agusta

Babi huɗu sun kammala a daftarin farko, saura takwas in Allah ya yarda. Littafin na yara ne 'yan shekara 9 zuwa 13, da Hausa nake rubuta shi, amma labarin tun daga farko har ƙarshe a ƙasar Meksiko yake faruwa, a yankin Xochimilco, wanda ake furtawa Socimilko, can kudancin babban birnin ƙasar. Tun da karatu ya kawo ni birnin nan nake jin yara da manya suna ambaton La Llorona, matar da ke kuka da dare a bakin ruwa tana neman 'ya'yanta. Na daɗe ina so yaranmu na gida su ji irin tsoron da yaran wata ƙasa suke kwana da shi, su ga kuma yadda iyaye da kakanni a can suke lallashinsu.

Ga ƙashin bayan labarin. Sitlali yarinya ce 'yar shekara 11. Gidansu manoma ne a San Gregorio Atlapulco, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan Xochimilco. Wata rana da almuru ƙanenta Matewo, ɗan shekara biyar, ya tsaya shi kaɗai a bakin ruwa, ya ji abin da ya ji. Ya dawo gida da ƙafarsa, amma daga ranar ya daina magana, ya daina cin abinci, barci sai zabura. Mutanen nan suna kiran wannan ciwo susto, wato firgita. A ganinsu idan mutum ya razana ƙwarai, wani ɓangare na kurwarsa yakan maƙale a wurin da abin ya faru, kuma ba zai warke ba sai an koma wurin an kira shi da sunansa. Kakarsu Rosariyo, wadda ake kira Kaka Cayo, ita ce mai yin wannan kira a unguwar shekara da shekaru. To amma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, harshe ya yi nauyi. Babu mai kira sai Sitlali, wadda ta sha riƙe wa kakarta ƙwarya amma ba ta taɓa buɗe baki ba.

Abin da nake so in tsare a duk tsawon littafin shi ne wannan: tsoron ya zama na gaske, wanda zai sa tsigar jikin yaro ta tashi, amma mafitar ta fito daga cikin gida.

24 ga Agusta

Na shiga ƙaramin jirgin ƙasa daga Tasqueña zuwa Xochimilco, daga nan mota zuwa San Gregorio. Wani dattijo, kawun abokin karatuna, ya yarda in wuni a gonarsa. Gonakin nan su ake kira chinampa. Tsibirai ne dogaye marasa faɗi da mutane suka gina da hannu a cikin tafki tun kafin zuwan Sifaniyawa, da laka da ciyawar ruwa, suka kewaye su da wata bishiya miƙaƙƙiya mai suna ahuejote wadda saiwarta ke riƙe gaɓa. Hanyoyin ruwa ne suka raba gona da gona, ba ka zuwa ko'ina sai a kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen gindi, ana tura shi da doguwar sanda. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda suke renon iri. Dattijon ya zura wata doguwar sanda mai buhu a bakinta har ƙasan ruwa, ya kwaso laka baƙa wuluk, ya cika cikin kwalekwalen. Aka juye ta a wani fili da aka gyara, aka baje, aka bari ta sha iska. Da ta fara kamewa sai ya ɗauki wuƙa yana tsaga ta layi-layi, tsaye da kwance, har ta koma ƙananan murabba'ai. Jikarsa ta bi baya tana dangwala yatsa a tsakiyar kowanne, tana jefa iri. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Na tambaye shi ko shi ya koya mata, ya ce a'a, ita dai tana biye da su tun tana rarrafe.

A hanyar dawowa na yanke shawara a kan sihirin gidansu Sitlali. Ba za a sami sandar tsafi ba, ba kalmar sirri da ake furtawa abu ya ɓace. Abin da suka gada aiki ne irin wannan: sanin wane ganye ake tsinka da wane lokaci, sanin inda ake tsayawa, haddace sunayen dangi har kakannin kakanni. Masu maganin gargajiya a nan, curandera ake ce wa mace, suna share jikin mara lafiya da ɗanyen ƙwai da damin ganyen ruda da romero da pirul, su turara shi da ƙaron copal. Duk waɗannan a kasuwa ake sayensu. Yarinya za ta iya koyonsu da ido, kuma za ta iya kuskure wani mataki don ba a taɓa yi mata bayani ba. Daga nan fargabar babi na biyar da na shida za ta fito.

Furannin cempasúchil da aka shuka don bikin Nuwamba, wato bikin tunawa da matattu, har yanzu ganye ne zalla, ko toho babu. Zan dawo in gan su.

7 ga Satumba

Makon nan kacokan na ba wa La Llorona. Labarinta iri-iri ne, kowane gari da nasa. Wanda ya fi yaɗuwa yana cewa mace ce da mijinta ko masoyinta ya wulaƙanta, baƙin ciki ya rufe mata ido ta nutsar da 'ya'yanta a kogi, da hankalinta ya dawo ta bi su. Tun daga nan take yawo cikin fararen kaya tana kururuwa, "Wayyo 'ya'yana!" Iyaye suna amfani da ita wajen hana yara zuwa bakin ruwa da dare, kuma a wurin da gida da ruwa suke maƙwabtaka kamar Xochimilco, wannan gargaɗi ceton rai ne.

Akwai tsohon tushe kuma. Wani limamin Kirista Basifaniye, Bernardino de Sahagún, ya yi shekaru yana aiki da dattawa da ɗalibai masu jin harshen Nahuatl, suka tattara kundi mai littattafai 12 wanda aka kammala wajajen 1577, yanzu yana ajiye a birnin Florence na Italiya. A littafi na 12 an lissafa alamu takwas da aka ce mutanen Tenochtitlan, babban birnin Aztek, sun gani kafin zuwan Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, a 1519. Ta shida ita ce muryar mace da ake ji da dare tana kuka, tana ce wa 'ya'yanta lokacin tafiya ya yi, tana tambayar ina za ta kai su. Birnin ya faɗi a ranar 13 ga Agusta 1521. Masana da dama suna danganta wannan murya da Cihuacóatl, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Aztek.

Wannan tsohuwar muryar na zaɓa. Mace ce da ke kukan 'ya'yan da aka raba ta da su. Maganar ko ita ta kashe su, zan bar ta a bakin mutanen gari a cikin labarin, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, Kaka Cayo kuwa ba ta taɓa yarda a zage ta a gabanta ba. Ba zan sa yaro ɗan shekara tara ya kwanta da hoton uwa tana danna kan ɗanta cikin ruwa ba.

Sai wata ƙa'ida da kusan duk wanda na yi hira da shi ya ambata: idan ka ji kukan a kusa da kai, tana nesa. Idan ka ji shi can nesa, siriri, to tana bayanka. Marubuci bai isa ya ƙirƙiro abin da ya fi wannan ba. Na gina babi na uku a kansa, na karanta shi a saƙon murya na tura wa 'ya'yan yayata a Zariya. Babbar ta dawo mini da saƙo cikin raɗa: "Kawu, da kukan ya fara yin nisa sai na ji kamar in ce wa Matewo ya gudu." Ƙaramin kuwa cewa ya yi, "Kawu, ni dai ban ji tsoro ba, amma gobe da rana za ka turo sauran." Babin ya tsaya yadda yake.

19 ga Satumba

Yau an yi atisayen girgizar ƙasa a duk birnin, ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya fito titi. A rana irin ta yau aka yi babbar girgizar 1985, aka kuma yi ta 2017, wadda ta rusa gidaje da yawa a San Gregorio. Ba zai yiwu in rubuta iyali daga garin nan in yi kamar abin bai faru ba. Na ƙara shafi biyu a babi na biyu: bangon ɗakin Kaka Cayo yana da tsaga tun daga rufi har ƙasa, kuma littafin da aka rubuta sunayen dangi a ciki ya salwanta a ɓaraguzai. Abin da ya rage sai wanda ke cikin kan tsohuwar, ita kuma harshe ya ƙi.

29 ga Satumba

Yaya ta kira. Bayan gaisuwa ta ce, "Kai, ina son mu yi magana a kan littafin nan. Matattu masu dawowa gida, kiran kurwa, turare. Ka san dai mutanenmu. Me za ka ce wa uban da ya ɗauka ya duba kafin ya ba ɗansa?"

Tambayar a kan hanya take, kuma na ji daɗi da ta fito daga bakinta tun yanzu. Na ce mata, "Yaya, ni Musulmi ne kamar yadda kika sani, ban yi imani mamaci yana dawowa cin burodi ba. Amma mutanen da nake zaune a cikinsu, waɗanda suke gaishe ni kullum, da yawansu haka suka taso suka tarar, kuma ba zan ba da labarinsu ina murguɗa baki ba." Mun taso ana yi mana tatsuniyar Dodo da Gizo da 'yan ruwa, babu wanda ya tashi da safe ya ɗauke su addini. Yaro ya san bambancin abin da aka buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" da abin da malam ya biya masa a allo.

Duk da haka maganarta ta sa na tsayar da abubuwa. Za a sami ɗan gajeren gabatarwa ga iyaye da malamai, shafi ɗaya, mai bayyana cewa wannan ƙagaggen labari ne da aka gina a kan al'adun wasu mutane, yawancinsu Kiristoci 'yan Katolika waɗanda suka haɗa da abin da suka gada daga kakanninsu na kafin zuwan Turawa. A cikin labarin ba zan rubuta wata addu'a ko kirari da yaro zai iya haddacewa ya maimaita ba. Abin da Sitlali take furtawa sunaye ne kawai, da roƙon ƙanenta ya dawo gida. Sannan mahaifiyarsu, Lusiya, za ta kai Matewo asibiti tun a babi na huɗu, likita ya duba shi, ya ba da magani, ya ce a sa ido. Haka iyalai da yawa suke yi a nan, suna zuwa asibiti suna kuma zuwa wurin tsohuwa. Ba na so wani yaro ya rufe littafin da tunanin cewa ƙwai da ganye sun wadatar wa mara lafiya.

Ta ce in turo mata gabatarwar ta gani kafin kowa. Na ce to.

12 ga Oktoba

Mai zanen, wata matashiya a Kano da muke aiki ta intanet, ta turo gwaji guda shida. Hannunta yana da kyau, musamman yadda ta fitar da hazo a kan ruwa da baƙin tawada kawai. A bangon littafin ta sa dabbobin nan masu launi barkatai da fukafukai da ƙahoni, waɗanda ake kira alebrijes, don su take gani duk inda ta nemi hotunan Meksiko. Na roƙe ta ta cire su. Wani mai sana'ar sassaƙa da takarda a birnin Meksiko, Pedro Linares, shi ya fara yin su a 1936, bayan ya gan su a mafarki yana fama da zazzaɓi. Daga baya masassaƙan Oaxaca suka ɗauka suna yi da itace. Fasaha ce mai ban sha'awa, amma ba ta da hurumi a tatsuniyar bakin ruwan Xochimilco, kuma Kaka Cayo ba za ta san su a matsayin masu rakiyar kurwa ba.

Dabbobin da labarin yake buƙata biyu ne, kuma duka na gida ne. Na farko kare mara gashi, xoloitzcuintle, fatarsa sumul da ɗumi. A imanin Aztek mamaci yana shekara huɗu yana tafiya kafin ya kai ƙarshen Mictlán, ƙasar matattu mai hawa tara, kuma akwai kogin da ba ya ƙetaruwa sai a bayan kare. Kundin Sahagún ya kawo wani bayani da na ji daɗinsa: farin kare yakan ce ya riga ya yi wanka, baƙi yakan ce ya riga ya ɓaci, sai mai launin ja-ja ne yake yarda ya ɗauki mutum. Karen gidansu Sitlali zai zama ja-ja, kuma ba zan yi wa mai karatu bayanin dalili ba sai a babi na tara.

Na biyu ajolote, wata halitta dangin kwaɗi mai siffar ƙadangare, da geza uku-uku a gefen kai, wadda idan ƙafarta ta guntule wata takan tsiro. A duk duniya ragowar ruwan Xochimilco ne kaɗai gidanta na asali da ya saura. Ƙidayar masu bincike na jami'ar UNAM ta nuna kusan 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998, zuwa 2014 sun koma 36. Gurɓatar ruwa da baƙin kifaye da aka zuba, karfasa da wani mai suna carpa, su suka cinye su. Hotonta yana kan takardar kuɗi ta peso 50 tun 2021. Na gaya wa mai zanen ta yi shi baƙi-baƙi mai ɗigo, don haka na cikin ruwan yake. Mai ruwan hoda da ake gani a hotuna na kiwo ne. A labarin Sitlali ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba sai a daren da take nema.

20 ga Oktoba

Na cire babi guda. A tsarin farko akwai wani maƙwabci da ake zargi nahual ne, mutumin da ke rikiɗa ya zama kare ko wata dabba da dare. Na kuma so in taɓo tlahuelpuchi, mayyar da mutanen jihar Tlaxcala suke cewa tana rikiɗa talotalo ta shiga ɗaki ta tsotse jinin jarirai, wadda iyaye mata ke ajiye buɗaɗɗen almakashi ko madubi kusa da shimfiɗa don su kore ta. Masanin al'adu Hugo Nutini ya yi dogon bincike a kanta a ƙauyukan can, kuma abin da ke ƙarƙashin labarin jarirai ne da suke mutuwa da gaske cikin dare.

Babin yana da ban tsoro, yaran Zariya da sun so shi. Amma tsoron da ke cikinsa tsoron maƙwabci ne. Mun san abin da kalmar "mayya" take jawo wa tsohuwa mara gata a garuruwanmu, mun ga inda aka kai ga duka da ƙone gida. Ba zan ba yara littafin da jarumarsa ke leƙen wani dattijo ta katanga tana jiran ya rikiɗa ba. Babi goma sha ɗaya ke nan yanzu.

3 ga Nuwamba

Na kwana a San Gregorio. Iyalin dattijon nan suka gayyace ni, na je a matsayin baƙo mai kallo, suka kuma karɓe ni a haka.

Gonakin da na bari kore a Agusta an riga an kwashe su, furannin sun koma gidaje da maƙabarta. Launinsu ruwan lemo ne mai ƙarfi, ƙamshinsu yana da ɗan ɗaci, yana kama tufafi. Daga ƙofar gida an zuba ganyen furen a ƙasa, siririyar hanya har zuwa teburin da suke kira ofrenda. A kan teburin akwai hotunan waɗanda suka rasu, da kyandirori, da kofin ruwa, da gishiri, da burodin bikin mai ƙamshin lemo wanda aka yi wa ado da siffar ƙasusuwa, da abincin da kowane mamaci yake so lokacin yana raye. Ranar 1 ga wata ta yaran da suka rasu ce, ranar 2 ta manya. A gefe guda na ga ƙaramar mota ta roba da alewa. Ban tambaya ba. Matar gidan ta ga inda idona ya tsaya, ta faɗi sunan yaron, ta ce da yanzu ya gama sakandare.

Sun san ba na cin naman alade, kuma yawanci da kitsensa ake kwaɓa tamales, wani abincin ƙullin masara da ake turarawa a cikin ganye, don haka tun kafin in zo suka ware mini burodi da atole, wani kunun masara mai zafi. Yara suna ta yawo gida-gida da fitilun da aka fafe daga wani irin duma, suna roƙon alewa.

Da dare aka tafi maƙabarta. Na zaci zan tarar da shiru da ɗari-ɗari. Abin da na tarar iyalai ne zaune a kan kujeru da barguna kewaye da kaburbura, an wanke kowanne an lulluɓe shi da fure, kyandir ko'ina har hayaƙi yana sa ido ruwa. Wasu na hira, wasu na kiɗa, wata tsohuwa na gyangyaɗi, jikanta na barci a cinyarta. Sanyi kuwa ba a magana, birnin yana sama da mita 2,200 daga teku. Wannan ya bambanta ƙwarai da faretin da ake yi a tsakiyar birni da fentin fuska, wanda bai fara ba sai 2016, bayan wani fim ɗin James Bond ya nuna irinsa. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya a 2008, kuma abin da ta karrama irin wannan zaman ne na garuruwan 'yan asalin ƙasa.

Kafin mu fita daga gida na lura da kyandir ɗaya a ƙarshen teburin, da gutsuren burodi, babu hoto a bayansa. Na ce wa matar gidan, "Señora, wannan fa na wane ne?" Ta ce na wanda ba shi da kowa ne, wanda babu mai tuna sunansa, kada ya zo ya ga kowa da wurin zuwa shi babu. Ánima sola suke ce masa. Na fita waje na rubuta a waya don kada ya kuɓuce mini. Ƙarshen littafin ke nan.

17 ga Nuwamba

Babi na goma ya fito. Tun Satumba nake juya wani abu a raina: a duk yadda aka ba ni labarin La Llorona, kukanta "'ya'yana" ne, ban taɓa jin wanda ya ce ta kira sunan ko ɗaya ba. A littafina ta manta sunayen ne, shi ya sa duk yaron da ta gani a bakin ruwa take ɗauka nata ne. Ba mugunta ta sa ta riƙe Matewo ba. Sitlali kuwa ba ta da abin yaƙi, kuma ba na so ta yi nasara da ƙarfi. Makaminta sunayen da ta yi makonni tana tsinta ɗaya bayan ɗaya, daga bakin kakarta mai nauyi, daga goggonninta, daga rubutun kan kaburbura. Ga ɗan yanki:

Kukan ya yi nisa, ya yi nisa, har ya koma kamar sauro a bayan kunne. Karen ya daina haushi. Sitlali ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa a inda sawun Matewo ya ƙare, ta shimfiɗa rigarsa a ƙasa, ta bugi ƙasar da tafin hannu sau uku kamar yadda Kaka take yi.

"Matewo," ta ce, muryarta na rawa. "Matewo ɗan Lusiya, jikan Rosariyo, tattaɓa-kunnen Petra mai sayar da fure. Ka zo, kada ka tsaya a nan."

Wani sanyi ya sauka a kafaɗarta, mai laima, mai warin laka.

"Nawa ne," in ji muryar.

"Iya, ku yi haƙuri, ba naku ba ne. Yana da suna. Ga shi na faɗa."

Aka yi shiru mai tsawo. Sannan muryar ta ce, a hankali, "Nawa fa? Yaya sunansu?"

Sitlali ba ta sani ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Wannan wurin na fi daɗewa a kansa. Da sauƙi in sa ta ƙirƙiro sunaye biyu, matar ta yi murmushi ta ɓace, kowa ya huta. Amma yaran da suka kai shekara goma sun san akwai rashin da ba ya gyaruwa, wasunsu sun riga sun binne uwa ko ƙane. Abin da yarinyar za ta iya shi ne ta ce akwai wuri a teburinsu, ta koma gida da rigar a ƙirjinta ba tare da ta juya ba, ta sa wa ƙanenta, ta kunna kyandir ɗaya da babu hoto a bayansa. Matar za ta ci gaba da kuka a wasu dararen. Matewo dai ya farka da asuba ya ce yana jin yunwa.

8 ga Disamba

Daftarin farko ya cika, babi goma sha ɗaya. Yaya ta karanta gabatarwar, ta gyara jimla biyu, ta ce sauran ya yi. Wata malamar firamare a Zariya ta karɓa za ta karanta wa 'yan aji shida babi uku na farko bayan hutu, ta rubuto mini inda suka yi shiru da inda suka fara surutu. Abokin karatuna zai zauna da ni in fassara masa littafin baki da baki zuwa Sifaniyanci, don kawunsa da matar gidan su ji, su nuna duk abin da ɗan San Gregorio ba zai yi ko ba zai faɗa ba. Sai sun ji sannan zan nemi maɗaba'a.

Babi na shida da na bakwai suna jan ƙafa, neman sunayen ya yi tsawo, zan haɗe su ko in rage kashi ɗaya cikin uku. Mahaifin yaran yana aikin gini a Amurka, sau ɗaya kawai aka ji muryarsa a waya, yana buƙatar wuri fiye da haka, musamman a daren da Lusiya ta rasa yadda za ta gaya masa halin da ɗansa yake ciki. Zane goma sha biyu ake buƙata, biyar sun iso. Na tura wa mai zanen hotunan kwalekwalen aiki, don na masu yawon buɗe ido mai rumfa da fenti ta zana, kuma ba shi manoma suke hawa ba. Gyara na biyu zai fara ranar 2 ga Janairu, daga babi na shida.